Annoba da Sakayya: Tarken Ra'ayoyin Makaranta Labarin Zane na Crossed

Tun da Garth Ennis da Jacen Burrows suka fitar da Crossed a Amurka a 1998 da ƙarin shekara goma, wato 2008, makarantansa suka rabu gida biyu. Jigonsa annoba ce mai fesa ƙuraje siffar gicciye a fuska. Wanda ya kamu ba ya rasa wayo ko magana. Kunya da tausayi yake rasawa, sai kisa da fyaɗe. Wasu na ganin ƙazanta ce zalla, wasu kuwa madubin halin ɗan'adam.

Anacha, inda Hausawa ke fatauci a babbar kasuwa, ta kasance cibiyar cinikin finafinan bidiyo a da, kuma za ta ba mu ma'auni. A Living in Bondage na 1992, tauraron ya yi tsafi da matarsa don neman dukiya, ya haukace, sannan ya tuba. 'Yan kallo sun jure ta'asar domin sakayya ta biyo baya, kamar yadda faɗakarwa ke rufe yawancin ƙagaggun labaran Hausa.

Ashe ba yawan jini ya raba makaranta Crossed ba, rashin sakayya ne. Wanda ya saba ganin mugu ya girbi abin da ya shuka, da wuya ya yafe wa marubucin da ya hana shi wannan.