Kalmar "Ƙwayar Cuta" a Ma'aunin Binciken Gizo-gizo

Mafassaran Hausa, a rediyo da littattafan makaranta, sun saba kiran kowace bakteriya da sunan "ƙwayar cuta". Manufar wannan maƙala ita ce ta gwada ingancin wannan fassara a fagen da ba a cika leƙawa ba, wato binciken bakteriyar da ke zaune a jikin gizo-gizo.

Masu wannan bincike sukan kamo gizo-gizo daga daji, su adana shi cikin sinadarin itanol, su niƙa wani sashe na jikinsa, su tace sinadarin gado na DNA. Daga nan sai su yi amfani da dabarar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, su riɓanya guntun da ya keɓanta da bakteriyar da ake nema har ya isa a gane shi. Ta wannan hanya Sara Goodacre da abokan aikinta suka nuna a 2006 cewa Wolbachia da Rickettsia da Spiroplasma sun yaɗu cikin jinsunan gizo-gizo da dama.

A nan fassarar ke tuntuɓe. Gwajin shaida ce kawai ta samuwar DNA, bai ce komai game da rashin lafiya ba. Kai, wani lokaci ma DNA ɗin na ƙwaron da gizon ya ci ne. Amma da zarar mafassari ya rubuta cewa gizo "ya kamu da ƙwayar cuta", to ya yanke hukuncin da masu binciken ba su yanke ba. Wolbachia, wadda aka fara gani a jikin sauro a 1924, cikin ƙwayoyin halitta take zaune, uwa ke gadar da ita ta ƙwai, kuma mai ɗauke da ita kan ci gaba da saƙarsa lafiya lau. Abin ya fi fitowa fili a Yogyakarta ta Indonesiya, inda rahoton 2021 ya nuna sauron da aka sa wa Wolbachia ya rage zazzaɓin dengi da kashi 77 cikin ɗari. Yaya za a faɗi wannan da Hausa? "Ƙwayar cuta ta hana cuta"?

Sai dai maye gurbin ma ba sauƙi gare shi ba. "Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka" ya yi daɗin baki, amma ya kyautata wa bakteriyar zato fiye da kima, domin a wasu jinsunan gizo takan karkatar da haihuwa mata su rinjayi maza, tunda namiji ba ya gadar da ita. "Abokiyar zama" kuwa tuni Bahaushe ya ba kishiya, ko da yake halin ya ɗan zo ɗaya.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ari "bakteriya" a matsayin sunan jinsi, a keɓe "ƙwayar cuta" ga wadda aka tabbatar tana cutarwa, irin su Wolbachia kuma a kira su "'yan zaman ciki", fi'ilinsu ya zama "ɗauke da" maimakon "kamu da".