Backyard Worlds: Farautar Taurarin da Wutarsu ta Ƙi Kamawa

Duk wanda ya zo da wannan dabara ya cancanci a jinjina masa! Shirin Backyard Worlds: Planet 9, wanda aka buɗe a Fabrairun 2017 da tallafin hukumar NASA, ya ɗauko hotunan da madubin hangen nesa na WISE ya tara tun bayan harba shi a 2009, ya miƙa wa jama'a kyauta, ya ce kowa ya zo ya duba. Ba a tambayar digiri. Ido kawai da haƙuri.

Aikin kuwa ga daɗi. Za a jero maka hotunan gefe ɗaya na sama, waɗanda aka ɗauka shekaru a tsakaninsu, suna wucewa bi da bi. Taurarin nesa suna nan daram. Can sai ka hango wani ɗan ɗigo ya gusa kaɗan, gabanka ya faɗi, don abin da ke gusawa haka makwabcinmu ne. Sau da yawa ƙyallin na'ura ne yake yi maka gizo, ido ya gaji a banza. Duk da haka sai ka ce bari in ƙara ɗaya.

Abin da ake farauta shi ya fi tafiya da imanina: wadannin taurari, masu zaman jemage, su ba taurari ba su ba duniyoyi ba. Tauraro na sosai sai ya kai nauyin duniyar Mushtari kusan sau 75 kafin haidurojin da ke cikinsa ya kama ci. Waɗannan ba su kai ba. Idan sun haura sau 13 sukan ɗan ƙona sinadarin diyuteriyam, daga nan sai hucewa har abada. Tun 1962 Shiv Kumar ya ce akwai su, amma sai 1995 aka tabbatar, da Teide 1 da Gliese 229B.

To kada ka ɗauka layin sau 13 da ke raba su da duniyoyi ya kashe magana. Ga WISE 0855, wanda Kevin Luhman ya gano a 2014 cikin hotunan WISE ɗin nan, tafiyar haske ta shekara bakwai da 'yan kai daga nan. Sanyinsa na daskarar da ruwa ne, nauyinsa bai wuce Mushtari uku zuwa goma ba. A sikeli duniya ce ke nan, amma ba ya zagaya wani tauraro, shi kaɗai yake gararamba. Me za ka kira shi? Masana ma ja-in-ja suke, ni kuwa rigimar ce ke burge ni.

Gwanina a shirin shi ne Dan Caselden, ɗan sa-kai, wanda ya yi gamo da katar da WISE 1534-1043 yana cikin neman wani abu daban. Wadan tauraron nan tsoho ne tukuf, ana ƙiyasta masa shekara biliyan 10 zuwa 13, yana sheƙa gudun kusan kilomita 200 a daƙiƙa. Caselden ne kuma ya tsinto W1935, wanda madubin James Webb ya leƙa ya tarar iskar methane tana haske a samansa, aka sanar a Janairun 2024. Ana zargin irin hasken nan ne da ke rawa a saman ƙuryar arewacin duniya, alhali babu rana kusa da za ta hura shi. Tirƙashi!

Duniya ta tara da ke cikin sunan shirin dai har yau shiru. Wallahi ko a jikina.