Hayek da kalmar ƴanci: karatun «La Route de la servitude»

A shekarar 1944, ana cikin yaƙin duniya na biyu, Friedrich Hayek, masanin tattalin arziki haifaffen Biyana, ya fitar da wannan littafi a Ingila. Babbar hujjarsa ita ce: hukumar da ta riƙe tattalin arziki duka, ta riƙe hanyoyin da mutum yake bi don cimma kowane buri, har wanda bai shafi kuɗi ba. Idan takarda da maɗaba'a suna hannun gwamnati, ba sai ta hana jarida da doka ba; ya isa ta ce takarda ta ƙare. Nan ba mu ga abin musu ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu, mu masu nazarin harshe, shi ne babin da ya keɓe wa gurɓata ma'anar kalmomi. Yana ganin mai mulkin kama-karya ba ya jefar da kalmar «liberté»; riƙe ta yake yi, ya zubar da abin da ke ciki, ya cika ta da wani abu. Hausa tana taimakonsa fiye da Faransanci. Ƴanci, ko ɗiyauci kamar yadda ake faɗi a Adar, daga ɗa ya fito, wato wanda ba bawa ba. Kalmar tana nuna matsayin mutum ɗaya gaban mai iko. Da aka ce «ɗiyaucin ƙasa» a 1960, sai ma'anar ta tashi daga mutum ta koma kan hukuma, kuma ƙasa tana iya zama ɗiya alhali ƴaƴanta ba su da bakin magana.

Raunin littafin yana ga jerin da ya tsara: kama tattalin arziki tukuna, sannan rufe baki. Tarihin Nijar bai bi wannan jeri ba. An haramta jam'iyyar Sawaba a 1959. SONARA, wadda aka ba ita kaɗai ikon fitar da gyaɗa, sai a 1962 aka kafa ta. Siyasa aka fara kamawa, kasuwa ta biyo baya. Kuma ba ta kamu duka ba, tunda iyakar Najeriya tana kusa, Alhazan Maraɗi kuwa sun san hanya.

Misalin Chili ya fi nauyi. Bayan juyin mulkin Pinochet a 1973 an sakar wa kasuwa mara, an kuma cika gidajen kaso. Hayek ya ziyarci ƙasar a 1977 da 1981, ya kuma nuna a hirarsa da jaridar El Mercurio cewa ya fi son mai kama-karya da ke sakin kasuwa bisa dimokuraɗiyyar da ba ta da wannan ra'ayi. Marubucin da ya gargaɗe mu kan masu sauya ma'anar ƴanci, a Santiyago ya taƙaita ta ga saye da sayarwa.