A Rage Cunkoso a Kogwannin Beliz

A ƙasar Beliz da ke Amurka ta Tsakiya, kogin Caves Branch yana ratsa cikin duwatsu, ya shige kogo ya fito, ya sake shigewa. Masu yawon buɗe ido kan saɓa tif irin na tayar mota a kafaɗa, su taka cikin daji zuwa bakin ruwa, su sa rigar kariya daga nutsewa da hular kwano mai fitila a goshi. Daga nan sai a zauna cikin tif, ruwa ya yi ta jan mutum a hankali zuwa cikin duhu. Ina ƙaunar wannan nishaɗi, domin ba ya buƙatar inji ko ƙarfin damtse, kuma ko wanda bai ƙware a iyo ba zai iya ganin abin da Allah Ya ɓoye a ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne yadda harkar ta koma ta gaggawa. Ranar da manyan jiragen ruwa na 'yan shaƙatawa suka tsaya a gaɓar birnin Beliz, motocin safa kan yi ta sauke jama'a a wurin da ake kira Nohoch Che'en, a bakin kogin. A ɗaure tif da tif, ɗan jagora ya ja ayari, wani ayarin na biye, kowa na ihu yana ɗaga waya, ga agogon komawa jirgi yana ƙara matsowa. Alhali daɗin kogo yana cikin shiru da duhunsa ne, lokacin da aka kashe fitilu aka saurari ɗigar ruwa da motsin jemagu. Wanda aka kora ta ciki a guje ya biya kuɗi ya koma bai ga komai ba.

Kuma wurin yana da masu shi tun fil azal. Mutanen Maya na da sun ɗauki kogwanni a matsayin ƙofar Shibalba, duniyar ƙarƙashin ƙasa a imaninsu. Can suke kai tukwane da hadaya suna roƙon Cak, abin bautarsu na ruwan sama, kuma jikokinsu na nan da rai a ƙasar. Su kansu duwatsun da ke lilo daga rufin kogo, ɗigo ɗaya-ɗaya ne ya gina su cikin dubban shekaru, maiƙon tafin hannu kaɗai kan ɓata su.

Masu cewa harkar tana ciyar da direbobi da 'yan jagora da masu sayar da abinci sun faɗi gaskiya, kuma dalilin da ya sa nake son ta ɗore ke nan. Garin Vang Vieng na ƙasar Lawos ya isa ishara. Shawagi da tif a kogin Nam Song ya cika da mashaya a gaɓa, matasa baƙi suka riƙa mutuwa, har hukuma ta rufe mashayan a 2012, kasuwar garin ta faɗi na wani lokaci. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Beliz ba sai ta je nesa neman darasi ba. A kogon Actun Tunichil Muknal, inda ƙasusuwan waɗanda aka yi hadaya da su ke kwance, ba a shiga sai da jagora mai lasisi, cikin ƙaramin rukuni. An kuma hana kyamara tun 2012, bayan wani baƙo ya saki tasa ta fasa ƙoƙon kan wani mamaci. Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba.

Ra'ayina a ƙayyade yawan masu shiga Caves Branch kowace rana, a bar tazara tsakanin ayari da ayari, a dakatar da shiga da zarar ruwan sama ya fara cika kogin. A kuma ba ɗan jagora lokacin da zai tsayar da mutanensa ya faɗa musu tarihin wurin, ko da hakan zai sa kuɗin shiga ya ƙaru.