Hannuwan kaka da ƙafafunta: «Rue Cases-Nègres» daga littafi zuwa majigi

A shekarar 1950 Joseph Zobel ya wallafa «La Rue Cases-Nègres», labarin José, yaron da kakarsa M'man Tine ta rena a bukkokin ƴan ƙodagon gonakin rake na tsibirin Martinik. Bayan shekara 33, Euzhan Palcy, ƴar tsibirin, ta mai da shi fim, har ya ciyo Zakin Azurfa a bikin Venise na 1983.

Babban abin da Palcy ta sauya shi ne fidda mahaifiyar José daga labarin. A littafi, uwar ce ke wankau a birnin Fort-de-France domin cika kuɗin makaranta. A fim kuwa, dukan nauyin ya koma kan tsohuwa guda: ita ke duƙe cikin rake, ita kuma ke bin jikanta birni sa'ad da hukuma ta ba shi rubu'in tallafin karatu kaɗai. Wannan dabara ta yi amfani, domin mai kallo yana ganin kuɗin ilimi a jikin mutum ɗaya, kuma Darling Légitimus ta ɗauki rawar ba tare da neman tausayi ba. Kazalika wurin da malami ya zargi José da satar rubutu, alhali abin da ya rubuta game da tsoho Médouze daga zuciyarsa ya fito, ya isa ya hana kowane mai gyaran takardun ɗalibai barci.

Sai dai a ƙarshe fim ya yi sassaucin da littafi ya ƙi yi. Wajen Zobel, José yana birni lokacin da kakar ta cika. Hannuwanta da aiki ya farfasa a zuci kawai yake ganinsu. Makarantar da ta sha wahala dominta ita ce ta raba su. Wajen Palcy, yaron ya koma ƙauye ya wanke ƙafafun mamaciyar. Hoton yana da kyau, yana sanyaya rai, amma ya biya bashin da marubucin ya bari a wuyan jaruminsa.

Saboda haka duk ɗalibin da ya ce kallo ya wadatar da shi, to a mai da shi ga shafukan ƙarshe na littafin.