4.3 Dila a Matsayin Mai Bincike: Shaida da Zane a Labaran Dabbobi na Yara

Kamar yadda aka nuna a babi na uku, labarin bincike shi ne wanda ake buɗe shi da ɓarna, a ɓoye wanda ya yi ta, sa'annan a bi alamu har a gano shi. A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe da sauko da irin wannan labari zuwa ga ƙananan yara ta hanyar sanya dabbobi su zama taurari. Misali, a 1958 Eve Titus ta fitar da *Basil of Baker Street*, inda wani ɓera yake kwaikwayon Sherlock Holmes, shahararren mai binciken nan da Arthur Conan Doyle ya ƙaga a 1887. Haka kuma a 1969 Richard Scarry ya fitar da *The Great Pie Robbery*, inda kyanwa da alade suke farautar ɓarayi. A irin waɗannan littattafai zane ba ado ba ne kawai. Sau da yawa a cikinsa ake ajiye alamar da za ta tona asirin mai laifi, ta yadda yaron da bai gama iya haɗa baƙi ba zai iya riga tauraron gano gaskiya.

Tambayar da ta dace a yi a nan ita ce, shin adabin Hausa yana da makamancin wannan? Idan aka dubi tatsuniya, dabbar da ta fi kusa da wannan matsayi ita ce dila, wanda Bahaushe yake yi wa laƙabi da malamin daji. Gizo ya fi shi suna, amma wayon Gizo na cuta ne da cika ciki, shi ne ma wanda ya kamata a bincika. Dila kuwa wurinsa ake kai ƙara.

Za a ga haka a tatsuniyar mutum da kada, wadda ake bayarwa ta siga daban-daban. Mutum ya tsinci kada a tudu ya galabaita, ya ɗaure shi ya kai shi ruwa, kada ya ce sai ya cinye shi. Aka nemi shaidu daga tsofaffin dabbobin gida, kowace ta goyi bayan kada saboda irin wulaƙancin da ɗan Adam ya yi mata bayan ƙarfinta ya ƙare. Da dila ya zo, bai ce wa kowa ya yi rantsuwa ba. Cewa ya yi shi bai yarda mutum ɗaya zai iya ɗaukar wannan ƙaton kada ba, sai an sake yi a gabansa. Kada ya yarda aka sake ɗaure shi, shari'a ta ƙare a nan. Abin lura shi ne dabarar da dila ya bi, wato mayar da al'amari yadda ya faro domin a gani da ido, dabara ce da masu binciken laifi suke amfani da ita har yau. Ya kuma ƙi karɓar maganar shaidun da suke da ƙullin zuciya da wanda ake ƙara.

Sai dai duk da wannan, ba za a kira tatsuniyar labarin bincike ba, domin babu abin da aka ɓoye wa mai sauraro. Tun daga farko yaro ya san kada ne azzalumi. Abin da yake jira shi ne ya ga yadda za a kuɓuta, ba wai ya san wane ne ba. Ko a *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, haka tsarin yake: mai karatu ya san makircin Waziri tun da wuri, aikin aku shi ne ya riƙe Musa da labarai kada ya fita. Aku mai hikima ne, amma ba mai bin sawu ba ne.

Akwai wani rukunin tatsuniyoyi da ake ɓoye mai laifi a cikinsu, kamar waɗanda ake cinye wani abinci a gida kowa ya ce ba shi ba ne. To amma ta yaya ake gano shi? Ana zuwa bakin kogi ne, kowa ya shiga yana waƙar rantsuwa, ruwa ya haɗiye mai laifi. Ke nan kogi ne ya yi binciken. Yaro ya koyi tsoron ƙarya, wanda abu ne mai kyau, amma ba a ba shi wata alama da zai auna da hankalinsa ba.

Babbar matsalar da duk marubucin da ya so gina labarin bincike a kan dabbobin tatsuniya zai ci karo da ita ita ce halayen taurarin a kafe suke. Kura a kullum mai kwaɗayi ce kuma wawuya, zaki sarki ne, Gizo maƙaryaci, Ƙoƙi mai haƙuri. Idan akuya ta ɓace a labari, kuma aka zana kura a shafi na biyu, to an gama. Babu yaron da zai tsaya duba sawu. A tatsuniya kura ta riga ta yi laifi tun kafin a buɗe baki. Wannan ya dace da manufar tatsuniya ta tarbiyya, inda ake son yaro ya rarrabe nagari da mugu nan take, amma yana kashe labarin bincike, wanda ransa shi ne shakka. Bugu da ƙari, akwai abin tsoro a ciki idan aka mayar da shi shari'a: ana koya wa yaro ya yanke hukunci da ganin jinsin wanda ake tuhuma, ba da abin da ya aikata ba. Marubucin da ya san abin da yake yi zai iya juya wannan ya zama ƙarfinsa, ya bar dukkan dawa ta taru a kan kura, sa'annan dila ya nuna cewa sawun da ke bakin garke na mai kofato ne, alhali kura dagi gare ta. Fim ɗin *Zootopia* na 2016 a kan irin wannan juyi aka gina shi, kuma ya karɓu ƙwarai.

Dangane da zane kuwa, littattafan yara na Hausa da aka saba da su a makarantu, tun daga na Hukumar Talifi ta Zariya zuwa na NORLA da na kamfanin NNPC, har da jerin *Tatsuniyoyi da Wasanni* na Ibrahim Yaro Yahaya da aka fara bugawa a 1971, an tsara su ne domin koyon karatu da adana al'ada. Saboda haka inda aka sa zane, yawanci maimaita abin da rubutu ya riga ya faɗa yake yi. Ba laifin masu zanen ba ne, domin ba a nemi wani abu daban daga gare su ba, kuma labaran kansu ba su da asirin da za a ɓoye a hoto. Amma sakamakon shi ne yaro yana iya rufe hoton da tafin hannu bai rasa komai na labarin ba.

Abin da ya sa wannan giɓi ya fi zama abin takaici shi ne, yaran karkara sun riga sun mallaki ilmin da irin wannan littafi yake bukata. A Dundaye da ƙauyukan da ke kewaye da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yaron da yake kai dabbobi kiwo fadamar Rima yana rarrabe sawun jaki da na saniya da na raƙumi tun bai shiga aji ɗaya ba. Ya san kashin akuya, ya san ɓarnar ɓera a rumbu da ta gara, ya kuma ji yadda manya suke bin sawu idan an kwance wa wani tunkiya da dare. Wannan shi ne karatun alama, kuma shi ne ginshiƙin labarin bincike. Idan ya zo makaranta sai a ajiye wannan sani a bakin ƙofa, a miƙa masa littafin da hotonsa ba ya tambayarsa komai. Fassara littattafan waje ba za ta toshe giɓin ba kai tsaye: alade a matsayin tauraro ba zai sami shiga gidajen Sakkwato ba, kuma yaron Dundaye bai san irin wainar da aka sace a littafin Scarry ba balle ya gane tabonta.

Akwai labari ɗaya da ya nuna cewa dila zai iya ɗaukar wannan nauyi, wato na tsohon zaki da ya kwanta ciwon ƙarya a kogo yana cinye masu zuwa gaishe shi. Asalinsa daga tatsuniyoyin Isof na ƙasar Girka ne. Mai wayon cikinsa ya tsaya daga waje ya ƙi shiga, saboda ya ga sawu duk sun nufi ciki babu wanda ya fito. A nan hujjar tana ƙasa, a kan rairayi, inda mai zane zai iya shimfiɗa ta a shafi guda kafin dila ya ce uffan. A sashe na 4.4 za a ɗauki wannan labari a gwada rarraba shi shafi-shafi, domin a ga abin da ya kamata rubutu ya faɗa da abin da ya kamata a bar wa zane.