Masu Haɗa Kiwon Kifi da Lambu a Cikin Gida

Haɗa kiwon kifi da lambu sana'a ce ta masu haƙuri da lura. Ana zuba karfasa ko tarwaɗa a tanki, famfo ya tura ruwansu zuwa kwamin tsakuwa mai shukar latas ko alayyafo. Ƙwayoyin bakteriya da ke maƙale jikin tsakuwar su ke mayar da kashin kifin taki, saiwa ta tsotse, ruwan ya komo tas.

A birnin Libreville, inda kayan miya da yawa na kasuwar Mont-Bouët daga Kamaru ake kawo su, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Mai tanki ya cancanci jinjina: da asuba yana duba ruwa, yana auna abinci, in wuta ta ɗauke tsakar dare kuwa, shi ke tashi don kada kifin ya shaƙe.